Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hausawan San Jose da kewaye, kan lambun wardin da muke zuwa hoton sallah

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, na Najeriya da na Nijar da 'yan zangon Ghana, duk wanda dai ke jin Hausa kuma neman abinci ko karatu ya kawo shi wannan yanki na Kalifoniya, daga San Jose har Santa Clara da Sunnyvale da Milpitas da Fremont, har da ku mutanen Oakland da ba a ganinku sai an yi suna ko rasuwa. Da fatan kowa yana lafiya da iyali, ya aiki, ya fama da kuɗin haya. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Magana ce nake tafe da ita kan lambun wardin nan na hukumar birni da ke mahaɗar titin Naglee da Dana, kusa da gidan tarihin kayan Masar, wanda kusan duk cikinmu babu wanda ba shi da hotonsa a waya. Can muke zuwa bayan an sauko idi, can ake kai amarya da ango, can ake kai baƙon da ya zo daga gida a ɗauke shi a gaban fanfon tsakiya ya tura wa mutanen Kano ko Maraɗi su ga ya shigo Amurka. Kuma 'yan shekarun nan babbar sallah tana faɗowa ne ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin da furen yake kan ganiyarsa, toh sai abun ya zama kamar don mu aka shuka shi. Shiga kyauta, ba mai tambayarka ko sisi. Amma ranar da ake fitowa aikin gyaran lambun, ranar almakashi da baro da manjagara, za ka ga Turawa, 'yan Meziko, 'yan Biyetnam, Indiyawa, tsofaffi har da masu dogara sanda, mu kuwa shiru kake ji. Abun da nake roƙo kenan tun daga farko don kar wani ya gaji da karatu bai kai wurin ba: mu fito a ƙungiyance ranar babban datsa na watan Janairu, wato ranar da ake sare rassan wardin, sannan a samu ko mutum biyar ne cikinmu da za su riƙe aikin har ƙarshen shekara.

Da yawanmu sun ɗauka wurin haka yake tun fil azal, gwamnati ce ke zuba kuɗi yana kyau. Ba haka bane wallahi. Kafin a fara kiran wannan kwari Silicon Valley gonakin 'ya'yan itace ne ko'ina, kuma filin lambun nan ma gonar wani ɗan itace ce da ake kira fulam, irin wanda ake busarwa. A 1927 ne ƙungiyar masu son wardi ta gundumar Santa Clara ta matsa wa majalisar birni lamba har ta ware eka 5 da rabi, da sharaɗin su za su kawo dashen. An kafa harsashi a 1931, ba a yi bikin buɗewa ba sai 1937. Ku duba shekarun nan da kyau, lokacin karyewar tattalin arzikin Amurka ne, mutane na bin layin abinci, amma wasu suka dage sai an yi wa gari lambun fure. Yau akwai gindin wardi sama da 3,500 a ciki, iri kusan 190, ga fili mai ciyawa da manyan itatuwa inda wasu makarantun sakandare ke yin bikin yaye ɗalibai.

Sai aka shigo farkon shekarun 2000, kamfanonin intanet suka yi ta rushewa, kuɗin shigar birni ya ja baya. Dama tun 1978 dokar Proposition 13 ta ɗaure harajin gidaje a jihar nan, ba a iya ɗaga shi yadda aka ga dama, don haka da zarar an shiga matsi sai a fara neman inda za a yanke, kuma ba za a fara da 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ba, da ma'aikatan lambu ake farawa. Aka rage masu kula da wurin. Shi kuma wardi ba dogon yaro bane da za ka dasa ka juya baya ka dawo bayan shekara goma ka tarar da inuwa.

Bari in ɗan tsaya a nan don duk wanda ya taɓa lambu a gida zai gane da wuri. Yawancin wardin da kuke gani mai aure ne, kamar dai mangwaro mai aure: saiwar daban, saman da ke ba da kyakkyawan furen daban. Saiwar da aka fi amfani da ita a nan wani iri ne mai ƙarfin hali da ake kira Dr. Huey, a gonakin wajen Wasco da ke gundumar Kern ake haɗa auren da yawa kafin a rarraba dashen a faɗin ƙasa. Toh shi wannan na ƙasan baya zama lafiya, lokaci lokaci sai ya turo nasa reshen daga ƙarƙashin mahaɗar, dogo siriri mai saurin girma, idan ba a samu mai ido ya tona ya fizge shi tun daga tushe ba sai ya janye abincin gaba ɗaya, na saman ya yi ta ramewa har ya mutu. Bayan 'yan shekaru gindin da aka sani da fure ruwan ɗorawa ko fari mai ƙanshi sai ka ga ya koma wani ja mai duhu da ke fure sau ɗaya a shekara ya yi shiru. Ku lura da tsofaffin gidajen hayar da ke unguwanninmu, jan wardin nan da ke ko'ina a bakin katanga yawanci shi ne, alamar an daɗe ba a kula ba. Ga ciyawa da ke shaƙe gindi, ga cututtukan ganye, mai sa tsatsa a bayan ganye da mai barbaɗa fari kamar gari, ga ƙananan kwarin nan masu tsotse toho. Duk wannan ba kuɗi kaɗai yake so ba, ido yake so da hannu, kullum.

Akwai wata ƙungiya a lokacin, All-America Rose Selections, wadda tun 1938 take gwada sababbin irin wardi tana zaɓen gwanaye, kuma lambunan da ta amince da su kaɗai ake ba sababbin dashen kafin su shiga kasuwa. Su ne suka karrama wardin nan mai suna Peace a 1946, wanda wani Bafaranshe Francis Meilland ya samar, wanda kuma aka raba wa wakilan ƙasashe a taron kafa Majalisar Ɗinkin Duniya nan San Francisco a 1945. Ba ƙananan mutane bane a harkar. A 2005 suka sa lambun San Jose a jerin gargaɗi, wato ko a gyara ko su janye amincewarsu. Birnin da ke taƙama shi ne hedikwatar Silicon Valley, inda ake lissafin dala da biliyan, ya kasa riƙe eka 5 da rabi na fure. Abun kunya ne kuma mutanen unguwar sun ji shi a jikinsu.

A 2007 har wani kansila ya kawo shawarar a ba kamfani mai zaman kansa kwangilar kula da wurin, aka yi ta ja-in-ja, shawarar ba ta wuce ba. A shekarar ce mutum biyu, namiji da mace, suka kafa ƙungiyar Friends of the San Jose Rose Garden, kuma abun da ya burge ni da tsarinsu shi ne basu tsaya zagin hukuma ba, basu kuma tsaya jiran ta ba. Suka nemi izini, suka fara kiran jama'a ranakun aiki, suka riƙa koya wa mutum yadda ake yi cikin ɗan lokaci, wanda ya ƙware a sake shi ya riƙa zuwa lokacin da ya samu sarari ba sai an yi gangami ba. Ma'aikatan birni suna nan da nasu aikin na ban ruwa da yankan ciyawa da kwashe shara, masu sa-kai suka ɗauki aikin da ke cin lokaci. A 2008 aka cire lambun daga jerin gargaɗi, a 2009 aka mayar da shi wurin gwajin sababbin iri, a 2010 kuma aka ba shi lambar lambun wardi mafi kyau a duk Amurka. Shekara biyar kacal daga gargaɗi zuwa na ɗaya. Gayya ce kawai aka yi, sai dai gayyar da ba a watse bayan an ci abinci ba.

Kuma dan Allah kar wani ya ce bai iya ba, aikin ba wani sirri a cikinsa. Na tsawon shekara shi ne cire furen da ya gama yayinsa. Idan ka bar shi sai itacen ya ɗauka ya gama aiki, ya koma ƙulla 'ya'ya, fure ya ragu. Sai ka kama reshen a hankali, ka bi shi ƙasa har ka iske ganye mai 'ya'ya biyar, ba mai uku ba, ka duba hammatar ganyen akwai wani ɗan ido da ya kumbura, ka zaɓi wanda ke kallon waje ba cikin itacen ba, ka yanke kaɗan a samansa a karkace. Shikenan. Daga wannan idon sabon reshe zai fito, bayan sati shida zuwa takwas ka dawo ka tarar da fure a wurin da hannunka ya yanka. Da safe kafin rana ta yi zafi, ƙudan zuma na ta hidimarsu kusa da kunnenka basu damu da kai ba, bokitinka na cika da ganyen fure ruwan hoda da ja, ƙanshin ya kama safar hannu har ka koma mota. Wata tsohuwa Baturiya da ke aiki a layin da ke kusa da nawa, da kujerarta 'yar ninkewa take zuwa saboda gwiwa, tana zaune take yi, kuma ta fi mu sauri.

Na Janairu shi ne babba. Nan sanyinmu baya kai wa wardi ya yi barci da kansa kamar a jihohin ƙanƙara, toh dole a tilasta masa hutu: a sare shi ya dawo wajen gwiwa ko cinya, a cire matattun rassa da masu gogar juna da sirara, a bar 'yan ƙarfafa kaɗan su buɗe kamar kwano iska na ratsa tsakiya, a tsige sauran ganyen, a share na ƙasa tas don a cikinsu cutar ke kwana ta jira bazara. Wanda bai sani ba idan ya shigo bayan an gama zai ce an lalata lambun, sanduna ne kawai tsaye, sai ƙarshen Afrilu zai gane. Yanzu ku yi lissafi da ni, a ce kowane gindi minti goma zai ci, gindi 3,500 ya kama awa kusan 580, mutum ɗaya mai aikin awa takwas sai ya yi sama da kwana 70 bai huta ba, kafin ya kai ƙarshe na farkon sun riga sun toho. Amma idan ɗaruruwan mutane suka fito, kuma suna fitowa, kafin azahar an gama an tafi. Mu ashirin a cikin wannan ba ƙaramin abu bane.

Na san abun da wasu yayyenmu za su ce, don an faɗa min a gaba: muna biyan haraji kamar ran mutum zai fita, don me kuma za mu yi wa gwamnati aiki kyauta. Gaskiya maganar ba ta banza bace, kuma ni ma ina tsoron ranar da hukumomi za su saba da aikin sa-kai su mayar da shi hujjar rage ma'aikata, alhali ma'aikacin lambu shi ma yana da iyali da haya. Amma ku duba wa ake saurara idan an zo zaman kasafin kuɗi a majalisar birni. Wanda ya yi shekara yana cire ciyawa a wurin idan ya miƙe ya ce a ƙara ma'aikaci ko a gyara bututun ruwa, maganarsa tana da nauyi, ya san gindin da ya bushe da lambarsa. Wanda sau biyu a shekara yake zuwa da babbar riga ya ɗauki hoto ya tafi fa? Ko sanin ranar zaman bai yi ba. In muna son mu yi ƙorafi a ji, ta nan ake shiga.

Wasu kuma cewa suke fure ai ba abinci bane, da tumatir ne ko albasa da an gane, wannan shagalin Turawa ne. Haba jama'a. Mu da ba ma fita sallar Juma'a sai mun shafa turare, mu da in an je Umara sai an nemo man wardin Ɗa'ifa a kawo tsaraba, wardin da ake tsinka da asuba kafin rana ta kwashe ƙanshin, wanda har cikin ruwan wankin Ka'aba ake haɗa shi da zamzam. Mun san darajar abun sarai in yana cikin kwalba, a jikin itace ne muke raina shi. Kuma malamanmu suna nan za su gyara min in na kauce, hadisi ya inganta cewa duk musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga ciki, sadaka ce gare shi. Wurin da ma'aikaciyar asibiti ke zuwa ta zauna minti ashirin bayan aikin dare, wurin da ake turo tsofaffi a keken guragu su sha iska, wurin da talakan da ke zaune a ɗaki ɗaya da 'ya'ya huɗu yake da fili kyauta, ni dai ban ga yadda za a ce hidimarsa ba ta da lada ba.

Abu na ukun ba a faɗinsa da baki amma yana nan, girman kai. Injiniya guda, dakta guda, a gan shi durƙushe da baro? Alhali yawancinmu in aka bi baya kaɗan za a tarar da fartanya a ɗakin kaka, wasunmu ma da kuɗin gyaɗa ko na albasar fadama aka biya musu makaranta. Wanda ke durƙushe kusa da kai a lambun nan ba mamaki ya fi ka albashi sau uku, babu wanda ya damu.

Sai maganar da ba daɗi, amma gara mu faɗa wa kanmu. Ranar sallar da ta wuce na ga yaranmu suna tsinkar fure suna yi wa juna ruwansa a ka iyaye na dariya suna ɗauka a waya, na ga wani bawan Allah ya taka har tsakiyar kwami da takalminsa sau ciki don hoto ya fi kyau, ya karya reshe mai toho ya fito yana kakkaɓe riga yana ƙorafin ƙaya, kuma da aka tashi an bar faranti da robobin ruwa a gindin itace. Ba zan kira suna ba, kowa ya san kansa. Ba a yarda a tsinki furen ba, kuma ba don rowa bane, wanda zai zo bayanka shi ma yana da ido. Shigarmu ba ta ɓuya, duk wanda ya ga shadda da ɗaurin ɗankwali da hula zanna ya san mutanen wani wuri ne, abun da mutum ɗaya ya yi a kanmu duka ake rubuta shi. Yaron da ya taɓa yini yana datsa da hannunsa, ƙaya ta karce shi, ba zai sake fizgar fure don wasa ba, ba sai an yi masa faɗa ba.

Ga iyaye mata musamman, Hajiyoyinmu da antocinmu, ku ne kuka fi sanin wahalar neman wa yara inda za su cika awannin hidimar al'umma da makarantu da yawa ke nema, toh ga wuri a fili, da rana, kuna ganinsu, ba sai an kai su inda hankalinku ba zai kwanta ba. Masu aiki a manyan kamfanoni kuma ku duba tsarin wurin aikinku, da yawa suna ba da ranar hutu don aikin sa-kai, wasu ma suna biyan ƙungiyar kuɗi gwargwadon awannin da ma'aikacinsu ya yi, kuɗin na nan kwance ba mai taɓawa.

Wanda kuma ya fi son inda ba cunkoso, akwai lambu na biyu da yawancinmu basu ma san da shi ba, Heritage Rose Garden da ke cikin Guadalupe River Park kusa da filin jirgi, jirage na wucewa ta saman kanka kamar za su taɓa hula. A 1995 aka buɗe shi, masu sa-kai ne suka dasa shi kuma su ke riƙe da shi, iri ya haura dubu biyu, har da tsofaffin da aka tsinto daga maƙabartu da kufan gidaje waɗanda ba a ma san ainihin sunansu ba. Bai kai na Naglee tsari da kyan hoto ba, shi ya sa amare basa zuwa, amma in gindi ɗaya ya mutu a can wani lokacin ba a samun madadinsa a kasuwa.

Toh ga yadda nake ganin za mu yi. Idan ƙungiyar Friends of the San Jose Rose Garden ta sanar da ranar datsan Janairu na lambun Naglee, a sa ta cikin sanarwar da ake yi bayan taronmu na wata kamar yadda ake sanar da suna da walima, masu mota su ɗauki ɗalibai da marasa mota, mutanen Oakland da Fremont ku haɗu a mota ɗaya ko biyu. Azumi yana ta matsowa, nan da 'yan shekaru zai faɗo cikin Janairun, amma aikin safe ne cikin sanyi, ba zai gagara ba. A zo da safar hannu mai kauri, ta fata in da hali, da almakashin lambu mai kaifi, da riga mai dogon hannu wadda ba a jin tausayinta. Takalmi rufaffe dan Allah, ba silifas ba. 'Yan'uwa mata a sa hijabi gajere ko a soke shi cikin riga, dogon mayafi da ƙayar wardi basa shiri ko kaɗan. Wanda gwiwa ko baya ba za su bar shi ya sunkuya ba ya zo da fulas ɗin shayi da ƙosai, ya yi da yawa, don waɗanda za mu tarar a can ma za a miƙa musu.

Wassalam,
ɗan'uwanku mazaunin San Jose